Albarkar Salmanu Mai Tangaran

Ni ce Rahamatu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara ashirin ni nake kawo masa ƙasar da yake aiki da ita. Saboda haka in ana zancen Salmanu mai tangaran na unguwar Hausare, kowa ya kama bakinsa in faɗa. Rumfata tana babbar kasuwar Garwa, layin masu kayan yaji, kuma cikin abin da nake kasawa har da kalaba, farar ƙasar nan da mata masu ciki ke gwaguya. Daga kudu ake ɗoro ta a jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, kamiyo, wato babbar motar kaya, ya ƙaraso da ita nan. In buhu huɗu suka sauka, uku na Hamma ne. Haka nake kiransa, yadda Fulanin garin nan ke kiran yayansu. Mata su zo da cikinsu a gaba su tarar ta ƙare, su wanke ni tas da Fulatanci, ni kuma in kwashi zafin in je in juye masa. Shi ko ramawa ba ya yi. Sai ya gutsuri ƙasar ya ɗora a harshe, ya ce ta wannan zuwan ta fi ta bara yashi.

Mu uku mahaifinmu Alhaji Jibril ya bari. Kakansa ne ya biyo fataucin goro daga Kano, ya yada zango a bakin Binuwai, bai koma ba. Babbanmu Malam Ilyasu, shi ya gaji zauren karatu da rawani, Hamma ne ke bi masa, ni ce auta. Lokacin da ciwon ajali ya kwantar da Alhaji, Hamma yana Lagdo wurin ginin baraj, wato madatsar ruwa, yana yi wa Shinuwa, 'yan Sin masu aikin, wanke-wanke. Kafin saƙo ya same shi ya samo mota daga Ngong, an riga an kai tsohon makwancinsa. Ni na tare shi a zaure na isar masa da wasiyya yadda na ji ta: Ilyasu ne ubanku yanzu, abin da ya sa wa albarka ni na sa, abin da ya kame bakinsa a kai ni ma na kame. Da na san abin da maganar nan za ta zame wa Hamma, wallahi da na haɗiye ta na bi da ruwa.

A Lagdon ya kwaso jarabar. Cikin Shinuwan akwai wani tsohon kuku, Liyu suke ce masa, wai mutumin garin da ake yin tangaran ne a ƙasarsu. Yana da wani ɗan finjali da ba ya yarda kowa ya wanke masa. Ran nan ya ɗaga shi saitin rana ya yafito Hamma, sai ga inuwar yatsun tsohon ana gani ta cikin finjalin. Iyakar abin ke nan fa. Mutum da hankalinsa ya ga inuwar yatsa a kofi, ya sallama rayuwarsa. Faransancin tsohon bai wuce na sayen albasa ba, Hausa kuwa ko sannu bai iya ba, da hannu da ido aka yi karatun, shekara uku, a wani ɗan tanderu da suka gina bayan madafa. Da aka gama baraj a tamanin da biyu, kowane lebura ya dawo gida da rediyo ko keke. Hamma ya dawo da tubalin da ke jure wuta guda sittin da wani littafin lekol, irin na 'yan makarantar boko, cike da zane-zane.

Kwana biyu da dawowarsa ya yi wanka ya sa fararen kaya, ya je ya durƙusa gaban Yaya Malam, ya ce ga sana'ar da ya koyo, yana neman a sa masa albarka. Ina bayan ƙofa, ba zan ɓoye ba. Sai kun san ƙasar nan za ku gane abin da ya roƙa. A wurinmu ginin tukunya aikin matan maƙera ne na kan duwatsu, waɗanda ko mutanensu ba sa haɗa ƙwarya da su. Hamma ya yi ta bayani, ya ce ba tukunya ba ce, tangaran ne irin wanda alhazai ke sayowa. Yaya Malam ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce laka dai laka ce. Ya ce ga rumfar atamfar Alhaji can a rufe, ya je ya buɗe. Hamma ya sunkuyar da kai.

"To, ban hana ka ba," in ji Yaya Malam. "Amma kada ka nemi bakina a kai."

Da ni ce, da na kakkaɓe zanena na yi gaba, albarka ai ta Allah ce. Hamma ba haka aka yi shi ba. Ya sa a ransa cewa ranar da Yaya ya ga abin da idonsa, ya riƙe shi a hannu, bakin zai buɗe da kansa. Ranar nan ya zauna jira.

Ya sami wani kango a bayan gari, hanyar dutsen Tingilin, ya gina tanderunsa. Aikin nan, jama'a, ko jaki aka ba sai ya kai ƙara. A jiƙa kalaba kwana bakwai a tace ta da kallabi, kuma kallabaina ne suka ƙare a wurin. A hau Tingilin a faso farin dutse, a daka shi a turmin ƙarfe har ya koma gari. A ƙona karan auduga a wanke tokar, da ita ake haɗa ruwan ƙyallin da ake tsoma kayan a ciki. Wutar itace kaɗai ba ta dafa tangaran, sai ya riƙa bin garejoji yana roƙon baƙin mai, ya rataya galan yana ɗiga a bakin wuta. Ku tuna Garwa nake faɗa, inda a watan huɗu ko ƙadangare inuwa yake nema. A wannan zafin zai wuni gaban wuta, ya fito baƙi ƙirin, girarsa a babbake.

Shekara huɗu ba abin da ya fito daga tanderun nan sai asara. Da abin ya fara kamawa ma, cikin goma ɗaya ke fita lafiya, in an yi sa'a biyu. Sauran wani ya tsage, wani ya karkace, wani ya manne da ɗan'uwansa. Waɗannan ko kallo na biyu ba ya yi musu. Yana da wata 'yar guduma rataye a jikin tanderu, sai ya ƙwanƙwasa ya watsa bayan kango. Jujin ya yi tsiri, kaji na tono, awaki na hawa suna abin da awaki ke yi. Maƙwabta kan zo da kwanduna su ɗiba, wasu su kafa a kan katanga saboda ɓarayi, wasu su daɓe makewayi da shi.

Amma wanda ya fita ɗin, Allah na tuba, ni mai zaginsa ma dole in yaba. Fari ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, bakinsa siriri kamar ɓawon ƙwai, in ka ɗan buga da farce ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba. Wata mutuniyar kudu, Madam Geneviève, mai butik, wato kanti, kusa da otal ɗin da Turawa ke sauka, ita ta fara kwashe su. Ita ce ma ta sa shi yin tulun fure, dogo mai siririn wuya, abin da ni har gobe ban ga amfaninsa ba, tulu ba ruwan sha. A shekarun nan ne ya auri Fatime, ya rufa ɗaki da kwano, aka daina ce masa mai laka aka koma mai tangaran.

Kowace ƙaramar salla kuwa sai ya zaɓi wanda ya fi kyau cikin na shekarar, ya naɗe a farin ƙyalle ya kai wa Yaya Malam. Yaya zai karɓa da hannu ɗaya, ya ce madalla, ya miƙa a kai cikin gida, ya ci gaba da kurɓar shayi a ɗan kofinsa na gilashi. Hamma zai zauna yana kallon bakinsa har masu gaisuwa su cika zaure a rasa wurin zama, sannan ya tashi. A hanya ya ce mini ƙila na bana bakinsa ya yi kauri, baɗi zai gyara. Finjalan suna can jere a kabad ɗin matar Yaya, na taɓa ƙirgawa, goma sha bakwai. Kada kuma ku ɗauka Yaya mugu ne. Shi ya raɗa wa 'ya'yan Hamma suna, in Hamma ya kwanta ciwo shi ne na farkon zuwa. Kan sana'ar ce kawai bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Sai kiriz ta zo, wato matsin tattalin arziki, wadda aka ce mana ta 'yan watanni ce. Turawa suka tattara ɗaya bayan ɗaya. Aka datse albashin ma'aikata, kuɗinmu sefa ta karye a casa'in da huɗu, mai neman geron yau ina ruwansa da tulun fure. Madam Geneviève ta rufe butik ta koma Duwala. Da aka ɗan fara numfashi kuma, sai ga kofunan Shinuwa sun cika kasuwa kwali-kwali, da furanninsu da zinarinsu na ƙarya. Na ce masa to ga mutanenka nan, su suka koya maka, su suka kashe maka kasuwa. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga a rana, bai ga komai ba, ya ajiye. Fatime ce ta riƙe gidan da suyar ƙosai a bakin titi. Shi kuwa tari ya kama shi, irin na mai shaƙar garin dutse, furfura ta fito masa da wuri. Hura tanderu ya koma sau biyu a shekara, sannan sau ɗaya, don na salla kawai.

A dubu biyu da uku wani maƙwabcin Yaya ya dawo daga Makka, ya kawo masa tsarabar wata 'yar tasa ta tagulla, an zana ayoyi a cikinta. Hamma yana zauren. Shi ya ba ni labari: wai Yaya ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu, ya sumbata, ya ce Allah ya yi wa hannun da ya yi wannan aiki albarka. Hannun wani baƙo can da bai taɓa gani ba. Tun da na ji haka na san akwai magana, amma ban san ta inda abin zai ɓullo ba.

Hamma ai a zauren nan ya yi karatu, kuma duk gidanmu ba mai kyan rubutunsa, har da Yayan. Ya kankare tsatsar tsohon ƙarfen mota, ya niƙa, ya dama ta zama tawada. Ya gina finjali arba'in da tulun fure bakwai, ya zauna da alwala yana rubuta musu ayoyi da alƙalamin kara, finjalan bisimilla da gajeruwar sura a kewayen baki, tulunan kuwa tun daga wuya har gindi. In alwala ta karye ya ajiye alƙalami ya je ya sake. Wata huɗu yana wannan. Sannan ya tsoma su a ruwan ƙyalli, yadda in wuta ta ci, rubutun zai zauna a ƙarƙashi, ba ruwa ba sabulun da zai taɓa shi har abada. Abin da yake alfahari da shi ke nan. Ya nuna mini, ya ce kada in gaya wa kowa, na ce tubarkalla. Ni da nake ganin jujin nan kullum, shi da ya tara shi da hannunsa, ba wanda tunanin ya zo wa a cikinmu.

Aka hura wuta, aka bar tanderu ya huce kwana biyu, ran na uku da hantsi ya kira ni in zo a buɗe. Kada ku ce ko wuta ce ta yi gardama, yadda ta saba yi ta yi. Cikin arba'in da bakwai huɗu suka fita lafiya, finjali uku da tulu ɗaya, kuma ban taɓa ganin abu mai kyansu ba. Hamma ya jera su gefe yana murmushi. Ya zaro na gaba, wanda ya tsage tun daga baki har gindi, hannunsa ya kai kan gudumar nan da kansa yadda ya saba shekara da shekaru. Har ya ɗaga. Sai na ga hannun ya tsaya a sama.

Tsagar ta bi ta tsakiyar sunan Allah. Na kusa da shi ya lotsa, ayar ta karkace ta zubo. Wasu biyu sun manne baki da baki, rubutu cikin rubutu. Hamma ya sauke gudumar a hankali, ya waiwaya ya dubi jujin, inda wata akuya ke tsaye a kai tana tuƙa. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa, ya shiga fito da su ɗaya-ɗaya yana ɗorawa a kai. Da rigar ta cika na ba shi mayafina.

"Rahamatu," ya ce, "ina zan zuba su?"

Garin neman gira an rasa ido.

Ba yadda za a yi, dole a gaya wa mai ilimi, mai ilimin kuwa Yaya ne. Ranar ce ya fara taka kangon nan. Ya zo da sandarsa, da ya hango abin da ke kan rigar sai ya cire takalma ya ƙaraso a kan tsakuwa mai zafi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, leɓensa na motsi. Sannan ya shiga kawo hanyoyin da aka sani yana rufe su da kansa. Takarda in ta tsufa ƙona ta ake yi, wannan kuwa wuta ce uwarsa. Allo wanke shi ake yi a sha, wannan ruwa ba ya kama shi. Hamma ya ce a binne. Yaya ya ce ba ya ruɓewa, ga gari yana ta cin daji, inda ka binne yau nan da shekara biyar wani zai haƙa masai a wurin. Na ce to a kai kogi. Ya ce tun da aka yi baraj Binuwai ba ta da zurfin ɓoye abu, da rani masu ɗiban yashi za su kwashe su kai wa magina, Allah kaɗai ya san inda za a daɓe da shi.

Abin da ya rage ɗaya ne, in ji shi, a goge. Harafi-harafi, har ya tashi daga rubutu, ruwan gugar kuma a tara a kai tsakiyar kogi inda yake gudu. Hamma ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗauko finjali ɗaya cikin masu kyan ya miƙa masa. Yaya ya karɓa da hannu biyu, karo na farko. Ya juya shi, ya ɗaga, rana ta ratsa shi har ana karanta ayar ta baya. Sai Yaya ya tambaya wa zai wanke shi in an sha, ina ruwan wankin zai bi in ba kwata ba, wa zai hana yaro ko mace mai fashin salla ɗauka, kuma ranar da ya suɓuce ya faɗi fa. Ta Makka ƙarfe ce, ba ta fashewa.

"Har da huɗun nan, Yaya?"

"Har da su."

Na ce haba Yaya Malam, a kulle su a kabad mana kamar sauran. Ya ce wata rana mutuwa za ta buɗe kabad ɗin a raba, kuma ba da ni yake ba. Na ja da baya, har yau ban yafe wa kaina ba. Abin haushin, in ka bi maganarsa ɗaya-ɗaya ba inda za ka ce ya yi ƙarya.

Wanda bai taɓa gwada goge tangaran ba ba zai gane ba. Abin da Hamma ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema, wato ya yi tauri ya ƙi jin komai, shi ya dawo ya zame masa azaba. Wuƙa ba ta kama shi, yashi sai dai ya zame. Dutsen wasa wuƙa ya samo wurin mahauta, ya fasa shi ƙanana, ya zauna gaban daro da ruwa, da alwalarsa, yana guga. Finjali ɗaya kwana tara, goma. Tulu wata biyu. Waɗanda suka tsage kaifi gare su kamar aska, yatsunsa suka yanke suka warke suka sake yankewa. Ran Juma'a kafin masallaci ya ɗauki jarkar ruwan gugar a kafaɗa ya tafi gada, ya tsaya saitin inda ruwa ke gudu ya tsiyaye, masu babur na yi masa kallon mahaukaci.

Na yi masa magana, ba sau ɗaya ba. Na ce a zuba su a buhu a ɗaura dutse, in bi motar kifi zuwa Lagdo in ba masunta su jefa a tsakiyar tabki, wa zai sani? Ya ce Yaya cewa ya yi a goge. Na ce Yayan ya taɓa leƙowa ya ga yadda hannunka ya koma? Ya ce ai ba Yaya ne ya rubuta ba. Na zage shi, na yi kuka, na yi wata guda ban je ba, na koma na tarar da shi inda na bar shi, ya ƙara rama, ya sayo tabarau na bakin kasuwa ya ɗaure da zare. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Tanderu ya yi sanyi, zanzaro suka yi gida a ciki, bai kuwa sake ganin wuta ba har Hamma ya koma ga Ubangijinsa. Salla biyu suka wuce yana zuwa gaisuwa hannu rabbana.

Masu kyan nan huɗu ya bari ƙarshe. Da ya zo kansu ya ce in daina zuwa, na kuwa daina. Fatime ce ta gaya mini, da yake su suka fi siranta, kafin rubutun ya fita dutsen ya huda su. Ta ce ranar da ya gama na ƙarshe ya wanke hannu ya kwanta tun azahar, ya yi barcin da sai da ta riƙa kara kunne a hancinsa.

Shekara biyu da wata uku ya yi a kan aikin nan. Wata Laraba bayan la'asar ya jera su a babban daro, ya rufe da ƙyalle, muka nufi zauren Yaya. Shi ma tsufa ya fara kama shi. Ya sa tabarau, ya shiga ɗaukar su ɗaya-ɗaya, ya duba a haske, ya bi da babban yatsa ko akwai ɗigon da ya saura. Ba wanda ya tsallake, har gutsattsarin. Ƙyallin duk ya tafi, sun yi kaushi, wasu da huji. Hamma na durƙushe a gabansa, ni ina bakin ƙofa, har rana ta yi ja.

Da ya ajiye na ƙarshe, sai ya kamo hannuwan Hamma biyu ya juya su ya dubi tafin. Ya daɗe yana kallo. Idonsa ya kawo ruwa, na gani, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ɗora hannunsa a kan furfurar ƙaninsa.

"Allah ya yi maka albarka, Salmanu. Allah ya yi wa hannun nan albarka. Tun da ka tashi, wannan ne aikin da ka yi wanda zan iya tsayawa gaban Alhaji in ce na sa masa baki."

Hamma ya ce amin, ya shafa, ya sake cewa amin. Ni kuwa na rasa kuka zan yi ko ashar. Mutum ya shekara ashirin yana gini ba a ce masa komai ba, sai da ya lalata da hannunsa aka ce ya yi aiki. Da za mu tashi, Hamma ya tambaya cikin ladabi, yanzu ina zai kai su.

"Duk inda ka ga dama," in ji Yaya. "Yanzu ai ba komai ba ne."

Hamma ya sunkuya zai ɗauki daron, yatsun suka ƙi rufuwa a bakinsa. Ya gwada sau biyu. Na ture shi na ɗora a kaina muka fito. Mun yi 'yar tafiya a lungu, kayan na ƙara a kaina, sai ya tambaye ni ko na ji da kunnena abin da Yaya ya ce. Na ce na ji. Ya ce har da hannun ya ambata ko? Na ce har da hannun.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. Ya nemi dakalin wani gida ya zauna, ya ajiye hannuwan a kan gwiwa, ya ce in yi gaba, shi zai ɗan huta tukuna.